Wasiƙa zuwa garin Tawa, kan ruwan da ya malale a falon Alhaji

Yamai, ran Lahadi da dare

Ba'adarena,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya zafin Ader? Wata huɗu ke nan ba ka neme ni ba, tun ranar da ka yi alkawarin buhun albasar Galmi. Ina nan ina jira, kuma uwargida tana lissafi. Da ma akwai abin da nake so in tambaye ka, amma bari in fara ba ka labarin da ya hana ni barci makon jiya.

Ka tuna Alhajin nan na unguwar Kwara Kano da muka yi wa aikin famfon bene? Ya sa an haɗa masa akwatin gilashi na kifi a falo, tsawo mita 2, faɗi da zurfi santimita 60. Lita 720 fa, nauyin ruwan kaɗai kilo 720. A ƙarƙashinsa cikin kabad akwai ƙaramin tanki mai cin lita 160, inda soso da duwatsun tace ruwa suke. Ruwa yana gangarowa da kansa daga sama, a tace shi, inji ya mayar da shi. Tsari mai kyau. Sai dai duk sanda wuta ta ɗauke, tankin ƙasa ya cika ya yi ambaliya. Sau biyu kafet ɗin Hajiya yana shan ruwa, har ta rantse ko kifi ko ita.

Da na je, ban taɓa komai ba, na zare filogi na tsaya ina kallo. Wanda ya haɗa aikin ya nutsar da bakin tiyon da ke kawo ruwa santimita 10 cikin akwatin. Inji yana tsayawa, tiyon nan ya juya yana zuƙo ruwa ƙasa, daidai yadda masu sayar da mai a bakin titi suke zuƙo shi daga jarka. Ba zai daina ba sai ya sha iska. Na yi lissafi a bayan kwalin shayi: a wannan faɗin, kowane santimita ɗaya lita 12 ne. Goma ke nan lita 120, alhali gurbin da ya rage a ƙasa bai wuce lita 60 ba. Ina sauran za su?

Alhaji ya so in sa makullin nan mai hana ruwa komawa baya. Na ƙi. Ƙwayar yashi ɗaya ko ɗan dodon koɗi ya maƙale a ciki, shi ke nan, kuma ba za ka sani ba sai ranar da kake buƙatarsa. Na ɗaga bakin tiyon, na huda ƙananan ƙofofi biyu ƙasa kaɗan da fuskar ruwa, don in gansakuka ta toshe ɗaya, ɗayar ta ja iska ta katse zuƙar. Yanzu santimita 3 ke sauka, lita 36 da ɗan abin da ke cikin tiyo.

Af, yaron shagonmu ya yi aure, wanda kake ce wa ba zai iya ɗaure ko akuya ba. Ka ci bashin gudummawa.

Haɗari na biyu shi ya fi damuna, don babu wanda ya lura da shi. Hanyar gangarowa guda ce tak. In ganye ko mataccen kifi ya toshe ta, inji zai ci gaba da turawa har akwatin ya tumbatsa ta sama. Na shiga kasuwar Katako na samo tiyo mai milimita 40, na ƙara hanya ta biyu sama kaɗan da ta farko, wadda take zama a bushe. Ranar da aka ji ruwa yana ƙara a cikinta, an san ta farko ta toshe. Na kuma rage girman ɗakin da inji yake zaune a cikin tankin ƙasa, yadda ko ya kwashe ruwan ɗakin duka, sama za ta ɗauke. Amma da zafin Afrilu ruwa yana ƙafewa da sauri, kuma a ɗakin nan ake ganin raguwar, inji kuwa in ya yi aiki a bushe ƙonewa yake. Sai na ja layi biyu da jan fenti, na ce wa mai gadi kullum da safe ya duba, kada ya wuce na sama in zai ƙara, kuma ruwan famfo ya kwana a bokiti tukuna saboda maganin da ake sa masa.

Sau bakwai na zare filogi a gaban Hajiya. Ko ɗigo. Wallahi na ji daɗin aikin nan fiye da kuɗinsa.

In ka bi ta Tabalak, tambayo mini masunta ko ana samun 'ya'yan karfasa masu rai, Alhaji yana so ya gwada kifin gida. Ka gaida Inna, ka ce mata maganin ƙafarta yana hannun direban ranar Laraba.

Naka,
abokin cin tuwonka na Yantala