Wasiƙa daga Kumasi: Turanci a bakin 'ya'yan Zango

Aminina Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, wasiƙarka ta iso, kuma na ga mamakin da ka yi da jin cewa na daina cin tarar yaran da suka yi Hausa a ajina, alhali ka san ni da tsanani a kan haka tun muna koyarwa tare. Amsar tana da ɗan tsawo, sai ka yi haƙuri.

Yaron da ya tashi a unguwannin Aboabo ko Asawase a nan Kumasi da Hausa yake buɗe baki, irin tamu ta Gana wadda ba ta cika bambanta namiji da mace ba, har ku Kanawa kuke yi mana dariya. Idan aka aike shi kasuwar Kejetia, da Tonanci zai yi ciniki, wato Twi; da yamma yana gaban allo da Larabci; in kuwa ya haɗu da sa'o'insa a bakin titi, sai broka, wato gurɓataccen Turanci (Pidgin). Babu wanda ya zaunar da shi ya ce masa ga harshen da ya dace da wane, amma da wuya ka ga ya kuskure. Wannan yaron ne na yi shekaru ina ɗauka tamkar bai zo mini da komai ba.

Gwamnati ma ta sha sauya magana. A 2002 ta ce a koyar da Turanci zalla tun daga aji ɗaya, a 2007 kuma aka dawo da harshen gida a azuzuwan farko. Sai dai Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati take ɗaukar nauyinsu, saboda haka abin da ake kira harshen gida ga ɗan Zangon Kumasi shi ne Tonanci, ba wanda uwarsa take yi masa faɗa da shi ba.

Abin da ya juya ni ƙarami ne. Wata rana wani yaro ya miƙe zai fita, na tambaye shi ina za shi, ya ce mini "I am coming" yana nufar ƙofa. Na tsayar da shi a gaban aji, na ce ta yaya mai tafiya zai ce yana tahowa, yara suka bushe da dariya, shi kuwa bai ƙara ɗaga hannu ba har ƙarshen zangon karatu. Da magariba ina sa takalmi zan tafi masallaci, sai na ji bakina ya ce wa uwargida "ina zuwa". Na tsaya cak a zaure. Ashe yaron ladabi ya yi mini, ya tabbatar mini cewa zai dawo, kamar yadda duk mai tarbiyya yake yi a gidajenmu, ni kuma na saka masa da kunyatarwa.

Daga baya na karanta binciken William Labov, wani masanin harshe Ba'amurke, na shekarun 1960, inda ya zaga manyan kantuna uku a birnin New York ya gano cewa furta harafin r yana bin darajar kantin da irin masu sayayya a cikinsa. To, idan masu harshen da kansu suna sauya baki gwargwadon wuri da matsayi, wane Turanci guda ɗaya nake ta dūkan yara a kansa?

Yanzu nakan ba su buƙata ɗaya, misali neman izinin zuwa jana'iza, in ce su faɗa wa aboki, su faɗa wa shugaban makaranta, sannan su rubuta ta a wasiƙa. Kafin mu shiga Turancin nakan tambaye su yadda za su roƙi limami da yadda za su roƙi ƙaninsu da Hausa, kuma nan take suke gane inda na dosa. Kada ka zaci na yi sake: broka ba ta hawa takardar jarrabawa, domin mai duba BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ba ruwansa da tarbiyyar Zango, kuma na gaya musu haka ƙarara. Wani abokin aikina yana ganin ɓata lokaci nake yi, har yanzu ba mu daidaita ba.

Ina so ka rubuto mini yadda ɗalibanka suke yi da gaisuwa a Turanci, su da suka saba da doguwar gaisuwa kafin a shiga magana. Goron da na yi maka alkawari yana hannun direban da zai taso ranar Asabar. Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Wassalam,
Amininka na Kumasi