Akwatin Baba Soja

Abilene, Texas,
Amurka.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya jikin Hajiya? Na ji an ce ƙafar ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida, Allah ya ƙara afuwa. Mu nan lafiya ƙalau, sai zafi, wanda in ka ji shi sai ka rantse bazarar Kano ce ta biyo mu.

Na san za ka yi mamakin ganin doguwar takarda alhali kusan kullum muna gaisawa ta waya. Maganar ce ta fi ƙarfin saƙon murya, kuma akwai alfarmar da nake nema a wajenka, shi ya sa na zauna bayan isha'i na ɗauki biro.

Ranar Asabar da ta wuce na kai 'yar taka babba wani ɗan gari da ake kira Sweetwater, tafiyar kamar minti 40 a mota yamma da mu. A makaranta aka ba su aiki a kan Yaƙin Duniya na Biyu, malamarsu ta ce su leƙa gidan tarihin da ke can. Hanyar fetal take, gonakin auduga hagu da dama kamar ƙasar Funtuwa, sai manyan fankokin samar da lantarki da iska ke juyawa. A bayan garin akwai tsohon filin jirgi mai suna Avenger Field, kuma a cikin wata tsohuwar rumfar jirage da aka gina a 1929 aka yi gidan tarihin. Na shiga da niyyar in zauna a benci in jira yarinya ta gama rubuce-rubucenta. Wallahi sai da ita ta riƙa jan hannuna mu tafi.

Wurin na wasu mata ne matuƙa jirgin sama da ake kira WASP a taƙaice. Da Amurka ta shiga yaƙi a ƙarshen 1941, masana'antu suka shiga ƙera jirage ba dare ba rana, matuƙa maza kuwa ana ta kwasarsu zuwa fagen fama. To wa zai ɗauki jirgi daga masana'anta ya kai shi sansanin soja ko bakin teku? Mata biyu, Nancy Love da Jacqueline Cochran, kowacce ta kafa nata rukuni a 1942, aka haɗe su wuri ɗaya a watan Agustan 1943. Mata wajen 25,000 suka nema, aka ɗauki 1,830, waɗanda suka kammala horo 1,074. Mafi yawansu a wannan fili suka koya. Na ga irin ɗakin kwanansu, gado shida a ɗaki. Na ga hotunansu cikin rigunan makanikai na maza, sun nannaɗe hannu da ƙafa saboda ba a ɗinka na mata ba.

Sun kai jirage fiye da 12,000 inda ake bukata, sun yi tafiyar mil miliyan 60. Amma aikin da ya tsaya mini a rai daban ne. Akan ɗaura wa jirgi wani dogon ƙyalle da igiyar ƙarfe, mace ta tashi tana jan sa a sama, sojojin da ke koyon harbo jirgi su yi ta auna ƙyallen daga ƙasa da harsashin gaske. Ka tuna masu harbin 'yan koyo ne. Akan sauko a tarar da huda a jikin jirgin kansa. Wasu kuma aikinsu gwada jirgin da makanikai suka gama gyarawa, wato su ne za su gane ko gyaran ya yi, suna can sama. Har da babban jirgin nan B-29, wanda matuƙa maza ke ɗari-ɗari da shi saboda injinsa kan kama wuta. Paul Tibbets, wanda daga baya ya jefa bam a Hiroshima, ya koya wa mata biyu tuƙa shi a 1944, Dora Dougherty da Dorothea Moorman, suka zagaya da shi sansanoni don maza su gani su saki jiki.

Su 38 suka rasu a bakin aiki. Daga cikinsu akwai Cornelia Fort, wadda tana sama tana koya wa ɗalibi tuƙi a safiyar da Japan ta kai hari Pearl Harbor, ta tsira. A ranar 21 ga Maris 1943 wani jirgi ya gogi fiffiken nata, ta faɗo kusa da Merkel, tana da shekara 24. Merkel ɗin nan a kan hanyarmu take, na sha wuce ta ban san komai ba.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne, duk wannan aiki a matsayin farar hula suka yi shi. Suna sa kaki, suna fareti, suna bin umarnin soja, amma a takarda ba sojoji ba ne. In ɗaya ta rasu, ba gwamnati ke mai da gawarta gida ba, ƙawayenta ne kan yi karo-karo ko iyayenta su biya, kuma ba a lulluɓa wa akwatinta tuta irin ta soja. A watan Yunin 1944 aka kai ƙudurin mai da su sojoji gaban majalisa, ya faɗi da ratar ƙuri'a 19, domin a lokacin matuƙa maza sun fara yawa, kuma malaman tuƙi farar hula da ake rufe makarantunsu suna son guraben. Ranar 20 ga Disamba 1944 aka sallame su, kowa ta nemi kuɗin motarta ta koma gida. Aka tattara takardunsu aka rufe fiye da shekara 30. Littattafan makaranta ba su ambace su ba.

Ka san abin da ya tayar da maganar? A tsakiyar shekarun 1970 sojan sama suka sanar cewa za su fara horar da mata su tuƙa jiragen soja, ana ta cewa wannan ne karon farko. Matan nan, a lokacin wasu har sun yi jikoki, suka ce ba a yi haka ba. Suka nemi juna, suka fito da takardun da kowacce ta adana a ɗakinta, suka kai majalisa. A 1977 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu aka amince su 'yan mazan jiya ne. Lambar girma ta zinare kuwa sai a 2010 aka miƙa musu, yawancinsu sun riga sun bar duniya.

'Yar taka ta daɗe tana bin hotunan bango ɗaya bayan ɗaya, can ta juyo ta ce, "Baba, ina baƙaƙe?" Babu. Akwai 'yan asalin Sin biyu, amma baƙar fata an hana su shiga. Wata Mildred Carter ta Alabama tana da lasin ɗin tuƙi, ta nema, aka mayar da ita saboda launin fatarta. Na gaya wa yarinyar gaskiya yadda take. Waɗanda aka tauye, su ma an tauye wasu a ƙofarsu, kuma na ce ta rubuta hakan a aikinta. Na ƙara mata da cewa ba Amurka kaɗai ba ce. A Ingila mata sun yi jigilar jiragen yaƙi, har aka daidaita albashinsu da na maza a 1943. A Tarayyar Sobiyat kuwa fagen daga suka shiga, suna kai hari da dare cikin ƙananan jiragen katako da zane.

Yanzu ga inda nake son ka ba ni hankalinka. Gidan tarihin nan ba daga Washington aka aiko a gina shi ba. Ɗaya daga cikin matan, Deanie Parrish, ita da 'yarta Nancy suka ɗauki kyamara suka bi tsofaffin gida-gida, jiha-jiha, suka naɗi hirar fiye da 100. Su ne kuma suka tsaya tare da mutanen garin har aka buɗe wurin a 2005. Da yawan kayan da ke ciki daga ɗakunan iyalai suka fito, littafin da matuƙi ke rubuta awannin tashinsa, wasiƙu, tabarau, takalmi. Akwai inda tsofaffin suka danna tafin hannunsu a ɗanyen siminti. Na ɗora nawa a kan ɗaya, ɗan ƙarami ne, bai kai nawa ba.

A nan ne kakana ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Ka tuna yadda yakan zauna a zaure bayan magariba yana cewa shi ya mirgina gangunan man jirgi a filin jirgin Kano lokacin yaƙin Hitila? Mu kuwa hankalinmu na kan ƙwallo. Sai da na girma na gane girman abin da yake faɗa. Bayan Italiya ta shiga yaƙin a 1940, hanyar Bahar Rum ta zama haɗari ga Ingila. Sai suka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana, a harhaɗa su a can, a tashi da su zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da yanzu ake kira Injamena, a ratsa Darfur zuwa Khartum, sannan Alƙahira. Hanyar ta buɗu ne saboda gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle a watan Agustan 1940. Dubban jirage suka bi ta kan Kano daga 1940 zuwa 1943. Wa ya share filin, wa ya ɗauko ruwa, wa ya yi gadi? Kakanninmu. Kakana ya rasu ba mu naɗi muryarsa ko ta minti ɗaya ba. Takardar shaidar aikin da yake ajiyewa a cikin gafaka, shekarar da ruwa ya rushe ɗakinsa ta tafi. Har yau abin na ci mini rai, domin muna da rikoda a gidan, kaset ɗaya ya isa.

Ku naku bai ɓace ba tukuna. Ina maganar akwatin ƙarfen kakanka Baba Soja da ke ƙarƙashin gadon Gwaggo. Na tuna ranar da ta buɗe mana shi muna yara, da lambobin yabo masu ƙyalle, da littafin sallama, da hotonsa da jar dara. Mutumin nan ƙasar Bama (Burma) ta nahiyar Asiya ya je. Dakarun Afirka ta Yamma runduna biyu aka kai can, ta 81 da ta 82, suka yi yaƙi da Japan a dazukan Arakan da kwarin Kaladan, suna ɗauke da kaya a ka inda mota ba ta shiga, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa yawancin na Najeriya. Shaidar tana nan a sunayen barikokinmu da aka samo daga yaƙin Bama: Dodan da Myohaung a Legas, Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya. Tsayar da matasa goma a ƙofar barikin ka tambaye su ma'anar sunan, ka ji amsar da za ka samu. Duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni a tuna da 'yan mazan jiya, amma furen ba ya faɗin sunan kowa.

Ga roƙona. Ka je wajen Gwaggo cikin satin nan, kar ka ce sai bayan salla. Ka tafi mata da goro, ka zauna, ka kunna wayarka, ka bar ta ta yi magana ba tare da ka katse ta ba. Ka tambaye ta yadda aka ɗauke shi soja, ko shi ya kai kansa ko mai gari ne ya bayar da shi. Shekara nawa ya yi, wa ya riƙe gidan, yaya mahaifiyarta ta ci da su, wane irin mutum ya dawo. Na tuna tana cewa ba ya iya barci in ana tsawa. Ka tambayi waƙoƙin da yakan rera. Labarin matan da suka zauna jira ma ka ɗauka, domin su ba su da lamba ko littafin sallama. Bayan nan ka ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya a wuri mai haske, ka turo mini, ni ma in ajiye kwafi a nan. Takardun kansu ka raba su da leda don tana tara gumi, ka sa su a ambulan mai kauri, ka ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara. Lambobin kuma ka ja kunnen yaran gida, kar wani ya miƙa wa 'yan gwangwan a kan kuɗin kati. In Gwaggo ta yarda, sai mu kai kwafi Gidan Makama ko Arewa House a Kaduna, asalin ya zauna a hannunku.

In ka gama da nata, ka tambaye ta gidajen sauran waɗanda suka tafi tare. A unguwarmu kaɗai na san gida uku da ake ce wa gidan soja. Ni zan ɗauki nauyin kuɗin mota da na wanke hotuna.

A hanyar dawowa 'yar taka ta tambaye ni ko Najeriya na da mata masu tuƙa jirgin soja. Na ce ƙwarai. Na ba ta sunan Blessing Liman ta kudancin Kaduna, wadda ta fara a 2011, da Kafayat Sanni da Tolulope Arotile da aka liƙa wa fiffike a watan Oktoban 2019, ɗaya ta jirgin yaƙi, ɗaya ta helikwafta. Arotile ta yi aikin fatattakar 'yan bindiga a jihar Neja, ta rasu a watan Yulin 2020 da mota ta buge ta a sansanin sojan sama na Kaduna, ita ma tana da shekara 24. Yarinyar ta rubuta sunayen a bayan littafinta. Daidai lokacin muna wuce allon Merkel, sai ta ce, to shi kakan Baffa da ya je Bama fa, yaya sunansa na gaskiya? Na buɗe baki na rasa amsa, domin duk rayuwata Baba Soja na san shi. Ka fara da wannan, ka rubuto mini cikakken sunansa da lambarsa ta soja kamar yadda suke a littafin.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gai da uwargida da yara, da mutanen majalisa. Maman yara na gaishe ku. Ina sauraron amsarka.

Wassalam,
Naka amini.