Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti da sauran 'yan uwa maza da mata.

Ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta masu son kiɗan jaz a nan birnin Montreal na ƙasar Kanada ta yi daga Janairu zuwa Disamba, da abin da muka ɗau alkawari bai yiwu ba. Hajiya Ma'aji za ta kawo lissafi dalla-dalla a takarda daban ranar babban taro. Ni a nan zan taɓo maganar kuɗi ne kawai a inda ta tsayar da aiki, sai dai kusan babu inda ba ta tsayar ba.

An yi zaman wata-wata, ban da na Maris da ya faɗo cikin azumi da na Yuli da aka ɗage saboda bikin jaz. An yi daren sauraren faifai a lokacin sanyi kamar kullum.

Kuɗin mamba

Waɗanda suka biya kuɗin shekara cikakke ba su kai rabinmu ba. Akwai masu biya tun Janairu ba tare da an ce musu uffan ba, Allah Ya saka musu da alheri. Akwai waɗanda suka kira Hajiya a gefe suka ce aiki ya tsaya ko kuɗin makaranta ya sha kansu, kuma kwamiti ya ɗaga musu ƙafa, ba su ne nake nufi ba. Ina magana ne da wanda ake turo wa saƙo ya buɗe ya karanta ya yi shiru, in an haɗu ya ce "yau da dare in sha Allahu". Da can ana cewa wahalar kawo tsabar kuɗi ce. To, mun koma Interac, hanyar tura kuɗi ta banki, mutum yana kwance a ɗakinsa zai iya turawa kafin shayinsa ya huce. Har yanzu shiru.

Ni da Hajiya ba albashi ake ba mu ba. Kowannenmu yana da aikinsa da iyalinsa, kuma bin babban mutum bashin kuɗin ƙungiya abin kunya ne ga mai bin ma, ba ga wanda ake bi kaɗai ba.

Fitar bikin jaz

Wannan kam alhamdu lillahi. Bikin Jaz na Duniya na Montreal na bana shi ne karo na 45, daga 26 ga Yuni zuwa 5 ga Yuli, mu kuma muka zaɓi Asabar ta farko. Tun da aka kafa ƙungiyar nan ban taɓa ganin mun taru haka ba. Fuskokin da na daɗe ban gani ba duk sun fito, wasu da 'ya'yansu a keken turawa, wasu da baƙin da suka zo musu hutu.

Da yake bana marigayi Oscar Peterson, shahararren mai kaɗa fiyanon jaz, ya cika shekara 100 da haihuwa, sai kwamiti ya ga ya dace mu fara da unguwar da ta raine shi kafin mu shiga cikin gari. Muka haɗu da hantsi a tashar Lionel-Groulx muka taka zuwa Petite-Bourgogne. Malam Sakataren Tsare-tsare ne ya ja gaba, kuma ya yi shiri na gaske. Ya bayyana wa matasa cewa nan ce cibiyar baƙar fata ta Montreal tun farkon ƙarnin da ya wuce, saboda tana dab da layin dogo, kuma aikin hidima a taragun kwana na jirgin ƙasa yana cikin 'yan ayyukan da ake bai wa baƙin mutum a wancan zamani. Mahaifin Peterson shi kansa wannan aikin ya yi a kamfanin Canadian Pacific. Da Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, masu neman shaƙatawa suka riƙa tsallako iyaka, gidajen kiɗa suka bunƙasa a nan, makaɗa suka samu abin yi. Mun tsaya gaban cocin Union United da aka kafa a 1907, muka ga zanen Peterson a jikin bango, muka huta a filin shaƙatawar da ke ɗauke da sunansa. Abin da ya fi burge mata shi ne labarin yayarsa Daisy, wadda ta koyar da shi fiyano, ta kuma koyar da Oliver Jones, wani fitaccen mai fiyano, da yaran unguwa da dama, amma ba kowa ya san sunanta ba. Wata daga cikin iyayenmu ta ce ai haka abin yake a ko'ina, mace ta yi raino namiji ya ɗauki suna. Aka yi dariya, ba a samu mai musu ba.

Bayan la'asar muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Place-des-Arts. Waɗanda wannan ne zuwansu na farko sun yi mamakin yadda aka rufe titin Sainte-Catherine ga motoci, aka kakkafa dandamali nan da can, kuma ba wanda ya tambaye su tikiti. Haka tsarin yake. Wasannin waje kyauta ne, na cikin zaure ne ake biya. Bikin da Alain Simard da André Ménard suka fara a 1980 a tsibirin Sainte-Hélène, Ray Charles yana cikin waɗanda suka buɗe shi, shi ne ya girma har kundin Guinness ya sa shi a matsayin bikin jaz mafi girma a duniya a 2004. Dattawanmu da suka daɗe a garin nan har yau ba su gaji da ba da labarin daren da Stevie Wonder ya yi wasa kyauta a 2009 ba, kuma mun sake jin sa, daga farko har ƙarshe.

Ba babban dandamalin Place des Festivals ne ya fi tsaya mana a rai ba, duk da hasken da tarin jama'a. Wani ƙarami ne a gefe, inda mutum huɗu suka hau: mai fiyano, mai busa saksofon, mai ganguna, da mai ƙaton gogen nan da ake tsayar da shi a ƙasa ana tsinkar igiyarsa da yatsa. Sun fara da waƙa a fili yadda kowa zai riƙe karinta, sannan ɗaya bayan ɗaya kowa ya ɗauke ta ya yi yawo da ita yadda ya ga dama, sauran suna riƙe masa ƙasa. Can mai saksofon da mai ganguna suka shiga musaya, wannan ya yi gajeren jimla wancan ya amsa, suna ƙara matsewa har ya zama kamar cacar baki. Wani daga cikin dattawanmu da ya sha cewa shi jaz hayaniya ce kawai, ya zo ne don rakiyar jikoki, sai ga shi ya matsa gaba yana kaɗa kai yana cewa ai wannan zabiya ce da 'yan amshi. Yara kuwa sun koyi cewa a jaz ba a jira sai an gama waƙa kafin a tafa, duk wanda ya gama nasa zagayen ana tafa masa nan take. Da suka gane haka sai suka riƙa tafi ko da ba a zo wurin ba, mai gangunan ya lura da su ya ɗaga musu sanda.

Abin da ya sa na tsawaita a nan shi ne, dalilin kafa ƙungiyar nan ke nan. Faifai yana da daɗi, amma ba zai nuna maka yadda makaɗa ke kallon juna suna yanke shawara da ido ba, ko yadda mai fiyano ke sauya hanya a tsakiya sauran su bi shi ba tare da an ce komai ba. Wannan sai a gabanka.

Kan ƙorafin da aka kawo tun kafin mu je, cewa ana sayar da giya a wurin kuma bai dace a kai yara ba: kwamiti ya saurara, shi ya sa muka zo da wuri, muka tsaya a wuri guda, masu ƙananan yara kuma suka tafi kafin dare ya yi nisa. Rana ba ta faɗuwa sai wajen tara saura kwata a ƙarshen Yuni, don haka mun samu sa'o'i masu yawa da haske, kuma an ware waɗanda suka raka masu zuwa sallar magariba suka dawo da su. Babu yaron da ya ɓace, babu wanda ya yi rigima. Godiya ta musamman ga matasan da suka ɗauki ruwa da kujerun naɗewa na tsofaffi tun safe har dare.

Yanzu ga abin da ke cina. Da za a ɗora sunayen waɗanda suka zo ranar a kan littafin Hajiya, da an sha mamaki. Mutumin da bai taɓa zama taro ba, bai biya ko sisi ba, shi ne kan gaba a hoto, shi ne kuma ya fara rubutawa a zauren WhatsApp cewa ya kamata a riƙa yin irin wannan duk wata.

Tikitin zaure

An yi ta tambaya ina kuɗin tikiti ya shiga, har wasu na magana ƙasa-ƙasa. Ga yadda aka yi. A zaman Afrilu aka amince mu shiga wasa ɗaya na cikin zaure a tare, don mu ji bambancin sauti. Mambobi ne da kansu suka ɗaga hannu suka zaɓi 1 ga Yuli saboda ranar hutu ce. An tunatar a wurin cewa a nan lardin Kebek yawancin yarjejeniyar haya tana ƙarewa 30 ga Yuni, washegari kuma rabin gari yana kwashe kaya, aka ce ba komai. Yana cikin rubutaccen bayanin zaman. Hajiya ta sayi tikiti daidai da adadin waɗanda suka rubuta suna, daga kuɗin ƙungiya, da sharaɗin kowa zai mayar. An kuma faɗa a fili cewa tikitin da aka saya ba a karɓarsa a dawo da kuɗi, kuma kuɗin da aka gani a talla ba shi ne na ƙarshe ba, akwai harajin tarayya kashi 5 da na lardi kashi 9.975 a kai.

Ranar ta zo, wannan yana tashi daga gida, wancan yana taya surukinsa ɗaukar firiji. Kujerunmu da dama suka zauna babu kowa. Mun samu mun sayar da kaɗan a ƙurarren lokaci, sauran suka zama asara. Wasu da ba su zo ba sun biya duk da haka, mun gode. Wasu kuwa sun ce tunda ba su shiga ba ba za su biya ba. Wannan giɓi yana nan a lissafi, kuma ba laifin Hajiya ba ne.

Ayyukan da ba su kammala ba

Ajin kiɗa na yara bai fara ba. An samu malami, ɗalibin kiɗa ne da ya yarda ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba. An samu ɗaki a wata cibiyar unguwa. Amma cibiyar tana son a biya hayar zango gaba ɗaya, tana kuma son takardar inshora, mu kuma ba mu da ko fiyanon lantarki guda. Kuɗin da aka ware domin sayensa shi ne ya toshe ramin tikiti. Iyayen da suke tambayata yaushe za a fara, amsar tana hannun waɗanda ake bi bashi.

Rajistar ƙungiya a matsayin wadda ba ta neman riba ita ma tana nan inda take. Takardu sun cika, saura sa hannun mutum uku da za su tsaya a matsayin masu nema, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka yi alkawari ya koma Toronto. An nemi wanda zai maye gurbinsa a zama biyu a jere, kowa ya sunkuyar da kai. Ba tare da rajista ba, ba za mu buɗe asusun banki da sunan ƙungiya ba, ba za mu nemi tallafin ƙaramar hukuma ba, kuma kuɗinmu zai ci gaba da zama a asusun mutum ɗaya, abin da ita kanta Hajiya ba ta so.

Shawarar naɗar hira da tsofaffin makaɗan gari ba a taɓa ta ba. Wanda ya kawo ta bai sake halartar zama ba. Haka nan maganar fita ta biyu zuwa bikin kiɗan Afirka na Nuits d'Afrique a tsakiyar Yuli, kwamiti ya gaji bayan fitar farko, kuma da aka nemi masu taimako mutanen da suka saba ne suka amsa.

Abin da za a yanke a babban taro

Kwamiti zai gabatar da cewa daga yanzu ba za a saya wa kowa tikiti ba sai kuɗinsa ya shigo tukuna. Zai kuma gabatar da cewa duk wanda ya shekara bai biya ba, bai kuma kawo uzuri ba, a cire shi daga zauren WhatsApp har sai ya daidaita. Na san wannan zai yi wa wasu zafi, a zo a faɗa a taro, kada a bari sai bayan an tashi.

Ana buƙatar mutum ɗaya domin sa hannun rajista, da aƙalla biyu da za su karɓi shirin fitar baɗi tun daga watan Maris, lokacin da ya kamata a fara duba jadawali. Akwai zaɓen shugabanni, kuma na sanar da Shugaba cewa ba zan sake tsayawa a kujerar sakatare ba. Littattafai da jerin sunaye suna nan a shirye ga duk wanda aka zaɓa. Za a sanar da rana da wurin taro a zauren WhatsApp. Masu bashi su tuntuɓi Hajiya kafin nan, domin za a karanta lissafi da sunaye.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya