Wasiƙar godiya ga Baba mai shagon hayar littattafai na bakin kasuwar Tawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, ina gaisuwa irin ta ɗiya ga uba, da fatan kai da iyali da yaran shago kuna cikin ƙoshin lafiya. Ya sanyin bana, ya kuma ƙafar nan? Na san halinka sarai. Da a gabanka na ɗauko wannan magana, da tuni ka ɗaga hannu ka ce, "Bari, ɗiyata, Allah ne abin godiya," ka juya ka kama kakkaɓe ƙurar kanta. Shi ya sa na zaɓi in rubuta ta a bainar jama'a, inda ba ka da damar katse ni. Yabon gwani ya zama dole, kuma ina so mutanen Tawa da ke wucewa ta ƙofar shagonka safe da yamma su san abin da ke cikinsa.

Ni ce telar nan da ke zuwa ran Lahadi bayan la'asar, in na gama sayen zare da yadi a kasuwa. Kafin bana, rabona da in zauna in karanta labari tun ina aji uku a kwaleji, kafin a yi mini aure, yau shekara ashirin da ƴan kai. Ko a makon farko na Janairun 2025 da na shigo shagonka, kaye da bik na yarona suka kawo ni. Ina jiran canji sai idona ya faɗa kan wani babban kaye mai baƙin bango a buɗe bisa tebur, sunaye a jere, kowane da lamba a gabansa. Na ce, "Baba, wannan na masu bashi ne?" Ka ce, "A'a, na masu alkawari ne." Ka bayyana mini cewa duk farkon shekara mai so yakan rubuta sunansa da yawan littattafan da ya ƙudurta zai karanta kafin shekara ta juyo. Babu kuɗin shiga, babu kyauta a ƙarshe, hayar littafi dai dala goma ce kwana uku, kamar ta kowa. Na ga wasu ɗaliban jami'ar Djibo Hamani sun rubuta 52, wato ɗaya kowane mako, irin yadda suke gani a waya mutanen Turai da Amurka na yi. Wata ma'aikaciyar asibiti ta rubuta 30. Wani dattijo ya rubuta 4. Ni kuma na karɓi bik na rubuta 24, hannuna na rawa.

Sai da na maido littafin farko na gane ba ka sa alama a kayen nan sai ka yi tambayar nan taka: "To, me kika gani a ciki?" Na yi tsuru. Na karanta littafin tas, amma ban taɓa zaton akwai mai son jin ra'ayina a kan labari ba. Na ce, "Ya yi daɗi." Ka ce, "Daɗin me? Zuma da daɗi, kilishi da daɗi, amma kowane da nasa." Ban ankara ba sai ga ni ina ba ka labarin uwar mijin da ke cikin littafin, yadda marubuciyar ta mai da ita mayya tun shafin farko, ba ta kuma taɓa gaya mana abin da ya ƙona wa tsohuwar zuciya ba. Ka ajiye tsumman da ke hannunka, ka saurare ni har na kai aya, sannan ka ja ɗan layi a gaban sunana. Ranar na koma gida ina jin kaina wata daban.

In faɗi gaskiya, lambar nan ta 24 ta amfane ni, ta kuma so ta ɓata ni. Ita ce ta sa nake ajiye waya bayan isha'i in ɗauko littafi. Amma kafin Fabrairu ya ƙare na koma zaɓen littafi da kaurinsa, in ɗaga in auna a hannu, wanda ya fi sirantaka shi ne nawa. Na karanta huɗu a wata guda waɗanda yau ko sunan mutanen cikinsu ban riƙe ba. Sai azumi ya kama a Maris, ɗinkin salla ya rufe ni, shadda da atamfa har rufin ɗaki, keke na kuka har sahur. Salla ta wuce, zafin Afrilu ya sauka, in wuta ta ɗauke ɗaki ba ya shiguwa, waje kuma iska kamar daga bakin murhu. Littafinka ya yi mako biyar a ƙarƙashin matashina. Kunya ta hana ni biyowa ta layinka, har zagaye nake in bi ta bayan tasha. Ran nan sai ga yaron shagonka a ƙofar gidana. Na shiga kwance bakin zani in biya tara, ya ce ba kuɗi aka aiko shi karɓa ba: "Baba ya ce in duba lafiyarki, ya ce kuma in gaya miki littafi ba tumatir ba ne, ba ya ruɓewa." Baba, da tara ka aiko a karɓa da na biya, kuma da ba ka sake ganin ƙafata a shagonka ba.

Ina nan ranar da gardama ta kaure a bencin ƙofa kan lissafi. Littattafan Kano, kowa ya sani, sau da yawa labari guda ake rabawa na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu, kowane ɗan siriri, a yanke shi daidai inda ran mutum ke rataye don ya dawo neman na gaba. Wata yarinya ta ce huɗu ta karanta. Ɗalibin da ya kwashe mako uku kan wani tubalin littafi na Faransanci ya ce bai yarda ba. Ka ƙyale su suka yi ta yi har shayi ya nuna, sannan ka yanke: labari guda, alama guda, ko kashi nawa aka raba shi. Ka ƙara da cewa wanda ya maimaita littafin da ya taɓa karantawa shi ma a sa masa alama, don ɗumame ma abinci ne, wani lokaci ya fi na dare daɗi.

Tunda kai ka koya mini faɗin ra'ayi, bari in faɗe shi a nan. Ba na cikin masu raina littattafan soyayyar nan da ƴan boko suka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano. Tun shekarun 1980 da suka fara fitowa, mata da yawa ta hanyarsu suka goge a karatun Hausa, mata da yawa kuma su ne suka rubuta su, sun taɓo abin da ake rufewa a ɗaki: auren dole, kishi, saki, yarinyar da aka cire daga makaranta. Ni da aka cire daga aji uku ba sai an yi mini bayanin wannan ba. Abin da ya ishe ni shi ne dukiyar da ba a san asalinta ba. Saurayi ɗan shekara 27, kamfani uku da gida a Dubai, ba a taɓa nuna mana shi yana gumi ba. A cinye shafi biyu ana lissafa kayan lefe da launin labulen falo, amma mutuwar uba a layi uku a wuce ta. Ni tela ce, na san leshi, na san kuɗinsa. In marubuciya ta sa wa yarinya kala goma sha biyu a mako guda, ni tambayata ita ce wa ya ɗinka, an biya shi, kwana nawa ya yi bai runtsa ba? Labarin da nake so shi ne wanda kishiya take mutum, mai dalilinta, mai nata kukan. Ban yarda da ƙarshen da ake kashe mugu a hatsarin mota don kawai marubuci ya gaji ba. Sai kuma sababbin da ke zuba Ingilishi rabin shafi, kamar ba su san a wannan gefen iyaka ma ana karanta su ba. Mu da muka yi Faransanci sai tsallake muke.

A Yuli, da ruwa ya sauka gari ya yi sanyi, ka miƙo mini wani ɗan littafi da bangonsa ya sha gam da zare, ka ce in bi shi a hankali. Shaihu Umar ne, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama firayim ministan Najeriya. Ka gaya mini yana cikin waɗanda suka fito daga gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933, aka buga su a 1934, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ƙarami ne. Da a Fabrairu ne da na cinye shi dare ɗaya na zo a sa mini alama. Kwana goma sha ɗaya na yi a kansa. Uwar Umar ce ta riƙe ni, matar da ta bar gida ta bi sawun ɗanta da aka sace, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ratsa hamada da ita har Murzuk, har Tarabulus. Baba, ka san ƙanena shekara uku ke nan yana Libiya. Ta Agadas ya bi, kamar sauran samarin Adar da ke tafiya bida. Innarmu ba ta karatun boko, don haka na riƙa karanta mata da dare a tsakar gida, tana zaune kan tabarma tana jan carbi. Da muka zo inda uwar ta sadu da ɗanta bayan shekaru, ta kuma rasu ba da jimawa ba, Inna ta ce in rufe. Ta daɗe shiru, can ta ce, "Ita dai ta gan shi." Da na maido littafin ka yi mini tambayarka, na buɗe baki magana ta ƙi fitowa. Ba ka sake tambaya ba. Ka ja layin, ka ce in gaida Inna.

Bayansa ka ba ni Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980. Faransancina ya yi tsatsa, sai ka haɗa mini da ƙamus, ba ka karɓi ko dala a kansa ba. Wata guda cur na yi da Sarauniyar Lugu ta ƙasar Arewa, wadda ta tari rundunar Faransa ta hafsoshi Voulet da Chanoine a 1899. Sau nawa na wuce Dogon Dutsi a motar Yamai ina gyangyaɗi, ban san kusa da wane tarihi nake wucewa ba! Amma abu guda ya tsaya mini a rai. Mutanen littafin nan da Hausa suke magana a rayuwarsu, ni kuma Bahaushiya sai da ƙamus na shiga wurinsu, Inna kuwa sai abin da na iya juya mata.

Wannan ne ya sa na fara lura da kantar nan ta gefen taga, ta littattafan Hausa da aka buga a Nijar. Ita ce mafi ƙarancin kaya a shagonka, yawancinsu ma na koyon karatu ne, masu ƴ ɗin nan mai lanƙwasa ta rubutunmu, inda na Kano ke sa 'y. A Maris ɗin 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa cikin kundin sake gina ƙasa, na yi murna, ina kuma jiran ranar da zan ga alamar hakan a kantarka. Ina labarin matar ɗan bida da mijinta ya yi shekara biyar a Abijan, tana riƙe da gona da ƴaƴa da uwar miji? Ina na manoman albasa na Galmi, ina na matan Keita da suka ɗauki duwatsu a ka don tare zaizayar ƙasa, ina na ɗan kokawar da ya faɗi a gaban garinsu? Da na tambaye ka me ya sa ba ka cike rabin kantar da wasu littattafan ba, ga su jibge a kwali, ka ce da gangan ka bar wurin, masu shi suna tafe.

Na san kasuwar ba kamar da ba ce. Mutane sun koma karatu a waya, ana tura labarai ta WhatsApp, wasu ma saurare suke. Na san kuma kai da kanka kake hawa mota zuwa Ƙonni da Maraɗi ka ɗauko kaya, da wannan ƙafa taka. Na gode da labule da tabarmar da ka ware wa mata ran Lahadi. Na gode da yadda kake duba shekarun yaro kafin ka miƙa masa littafi. A gaida yaronka mai gam da allura, wanda ba ya barin littafi ya mutu a hannunsa.

Shekara ta ƙare na tashi da 17, ban kai 24 ba. Dattijon nan mai 4 ya cika nasa tun Oktoba. A kayen 2026 zan rubuta 12, ina so biyu daga ciki su zama maimaici. Ɗiyata mai shekara 13 ta ce ita ma a ba ta layinta, ta riga ta zaɓi lambarta amma ta ƙi gaya mini. Ran Lahadi za mu zo tare in Allah ya so, da littafin da ke hannuna, da rigar da na ɗinka wa baƙin kayen nan da ragowar shadda, don na ga bangonsa ya fara rabuwa.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a shago, ya jiƙan mahaifa.

Ɗiyarka,
telar ran Lahadi, Tawa.