Rahoton Ayyukan Ƙungiyarmu Na Shekarar 2024

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, da ku masu jinya da kuke tsaye a kanmu dare da rana, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Kafin komai mu yi wa ƴan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya a bana addu'a, Allah ya jiƙansu ya sa ciwon da suka sha ya zama kaffara, iyalansu kuma Allah ya ba su haƙuri, amin.

A taronmu na farkon shekara kwamiti ya tambayi kowa me ya fi damunsa, mu duk zatonmu tsadar magani za a ce. An faɗi tsadar kam, amma abin da aka fi maimaitawa, daga masu sikila da su ne mafi yawa a cikinmu har masu ciwon suga da asma da ƙoda da farfaɗiya, shi ne ba a yarda da mu. Ka ce ba ka da lafiya a kalle ka sama da ƙasa a ce ai ka fi ni ƙiba, ki ce ba za ki iya wanki yau ba a ce son jiki ne, yaro ya ce ƙafarsa na ciwo a ce makaranta ce ba ya so. Wata baiwar Allah da muka daɗe muna zama kusa da ita a taro, kullum tsaf da lalle da safa, ranar ta zare safar ta nuna mana gyambon da ke idon sawunta, ta ce ko maƙotanta ba su sani ba, gani suke girman kai ne ya hana ta zuwa biki. Toh a nan kwamiti ya tsayar cewa aikin bana kacokan a kan wannan za a yi shi.

Abu na farko shi ne katin da muka buga wa membobi, mai ɗauke da jinotayip da rukunin jini da magungunan da mutum ke sha da PCV ɗinsa, wato awon yawan jininsa, na lokacin da yake lafiya, da sa hannun likitan da ke duba shi. Duk mai sikila ya san dalili. Ciwo ya tashi cikin dare, ƙashi kamar ana sara shi da gatari, ka isa asibiti ba jini ba rauni ba zazzaɓi, kana faɗin sunan allurar da ta saba yi maka aiki sai kallon ya canza, an ɗauke ka ɗan ƙwaya. Ba mu musa cewa akwai waɗanda allurar kashe zafin ciwo ta penta ta kama ba, a cikinmu ma akwai kuma muna tare da su har su rabu da ita, amma wallahi bai kamata a bar mutum yana birgima a kan benci saboda zato ba. Mun zauna da nas-nas da likitoci a wasu asibitoci, kuma gaskiya sun saurare mu, su ma sun faɗi nasu, ƙarancin ma'aikata da aikin dare da mutum ɗaya ke riƙe ɗaki guda. Waɗanda suka yi amfani da katin sun ce ya rage musu jayayya. Wanda bai karɓi nasa ba dan Allah ya kawo fasfo.

Sai makarantu, nan iyaye mata suka yi ƙoƙari sosai Allah ya saka musu. Malamai da yawa ba mugunta ba ce, rashin sani ne. Ba su san ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa kamar ta kowa ba, shi ya sa yaron ke yawan neman fita fitsari kuma dole ya yi ta shan ruwa, in ka hana shi ɗaya daga ciki kai ka tayar masa da ciwo. Ba su san sanyin hunturu na safe yana kwantar da shi ba, sai a cire masa suwaita a asambuli wai ba kalar yunifom ba ce. Abu huɗu kawai muka roƙa, a bar shi da gorar ruwansa, a bar shi ya fita in ya nema, a bar masa rigar sanyi, kar a sa shi tsallen kwaɗo ko kamun kunne a rana. Islamiyyu sun fi saurin karɓa, makarantun kwana ne har yanzu muke fama.

Azumin bana ya faɗo a Maris zuwa Afrilu, tsakiyar zafin Kano, kuma a ganina zaman da muka yi kafin azumi shi ne mafi amfani a duk shekarar. Mun haɗa malami da likita a tabarma ɗaya. Malam ya karanto aya ta 184 da 185 cikin Suratul Baƙara inda Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame, ya yi bayanin wanda zai rama da wanda zai ciyar, likita kuma ya yi bayanin abin da ƙishirwa ke yi wa jinin mai sikila da abin da ke faruwa in suga ya faɗi ga mai allurar insulin. Ya ce ba kowa aka hana ba, kowa ya je likitansa ya duba shi tukuna. Abin da ya sa ni hawaye shi ne jin matar aure tana cewa a banɗaki take ɓuya ta sha ruwa don kar dangin miji su gani su ce ba ta da addini. Rangwamen da Ubangiji ya ba ta, mutane sun hana ta cin moriyarsa a fili. Baɗi insha Allah mazajen da surukai za mu gayyato, don su ne ya kamata su ji.

A watan Mayu Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure, wadda ta haɗa da jinotayip da HIV da ciwon hanta. Mun yi murna, don an daɗe ana cewa kusan jarirai 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, wato ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai, bai ma sani ba tunda lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa taronmu na 19 ga Yuni, Ranar Sikila ta Duniya, a kan aure muka yi shi. Har yanzu akwai masu cewa in AS ya auri AS ai cikin ƴaƴa huɗu ɗaya ne kawai zai zo da ciwon, ba haka ba ne, kowane ciki lissafinsa daban, ana iya jera uku duk SS, wato masu sikila. Sannan akwai wani abu da ya fara ba mu tsoro, wasu sun fahimci dokar kamar cewa mai SS ba ya auruwa, har an fasa wa wata ƙanwarmu bayan an sa rana alhali saurayin AA ne, bai gaji sikila ba ko kaɗan. SS da AA ba sa haifar SS, ƴaƴan AS za su zo. Ku faɗa wa waliyyai wannan, kuma ku maimaita gwaji a wuri na biyu don sakamakon kuskure yana nan.

A watan dai, 14 ga Yuni ranar masu ba da jini, samarin unguwa sun fito sun ba da jini kuma mun rubuta lambobin masu son a kira su in buƙata ta taso. Ranar 14 ga Nuwamba mun yi awon suga da hawan jini kyauta, an samu waɗanda ba su taɓa sanin suna da shi ba.

Maganar magani kuwa kowa ya ji a jikinsa. Tun da kamfanin magani na GSK ya sanar da barin Najeriya a Agustan 2023 inhelar Ventolin ta masu asma ta yi tashin gwauron zabi, insulin da haidroksiyuriya ta masu sikila ma haka, har folik asid da Paludrine na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ganin ba komai ba ne sai da wasu suka koma sha yau a tsallake gobe. Asusun taimakonmu bai isa ko'ina ba, abin da muka iya shi ne haɗa kuɗi a sayo da yawa a raba, da raka mutane su yi rajistar inshorar lafiya ta jihar Kano, KSCHMA. Hajiya ma'aji za ta karanta lissafin shiga da fita a taro, rasit yana nan ga mai son gani. Iyaye kuma kar a manta da awon kai na TCD ga yara masu SS daga shekara 2 zuwa 16, shi ke nuna yaron da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun yana wasansa ba alamar komai.

Akwai inda ba mu taɓuka ba. Maganar masu aiki da ake yi wa barazanar kora saboda yawan neman hutun asibiti tana nan, muna neman lauya ya duba mana ko dokar hana nuna wa masu nakasa wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 za ta yi mana rana. Ƴan uwanmu masu farfaɗiya sun rage zuwa taro, kunya ce da tsoron kar ya tashi a gaban mutane, shi ya sa baɗi mu za mu bi su gida. Maza masu sikila kuma akwai larurar miƙewar gaba ta ƙi kwanciya da ke damun wasu wadda in ta wuce awa huɗu asibiti ake gudu, ba sa faɗa a gaban mata, Baba shugaba ya yarda a ware musu zamansu da likita namiji.

Taro yana nan Asabar ɗin farko ta kowane wata bayan la'asar, masu bashin kuɗin wata a daure a kawo ko rabi ne, wanda ba shi da hali ya sanar da ma'aji a keɓe ba wanda zai ji. A zo da rigar sanyi da ruwa don hunturu ya shigo.

Wassalam,
Sakatariya, a madadin kwamiti