Ina kwamfutocinmu suke zuwa idan sun mutu?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da na ga kaman jaridu ba su cika waiwayarsa ba. Kusan kullum sai an ga labari an raba wa ɗalibai laftof, an buɗe cibiyar koyar da kwamfuta, an yaye matasa, ga hoton manya ana tafi, kuma duk abin farin ciki ne wannan, to amma waɗancan da aka raba shekarun baya, masu katon monita mai ƙeya, ina suke yanzu? Wa ya kwashe su, ya aka yi da su? Ni sana'ata gyaran kwamfuta a nan Kano, shi ya sa nake ganin ƙarshen kayan nan da idona.

Kar wani ya ɗauka ina kushe kwamfuta ne, ai da ita nake ci da iyalina. Kuma gaskiya ta yi wa talaka rana. Tun 2015 da JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya, yaron da yake ƙauye ma dole ya san yadda ake riƙe maus in dai yana son jami'a. Lokacin ƙarancin kuɗi na farkon 2023 da aka canza fasalin naira, in ba don taransifa da masu POS ba da wasu gidajen ba a ɗora tukunya ba. BVN, NIN, rajistar aikin hajji, duba sakamako, neman aiki, katin biki, tace bidiyo a Kannywood, ɗalibin ilimi da yake ɗauke da littattafan da ɗaki guda ba zai ɗauka ba a cikin laftof ɗaya, ga yaranmu da suke zaune a Kano ko Kaduna suna yi wa kamfanonin waje aiki ana biyansu da dala. Wannan ba abin musu ba ne, ba sai na ja shi da tsawo ba.

Abin da yawancin masu saye ba su tsaya sun lura ba shi ne kusan duk abin da muke sayarwa a Beirut Road da sauran kasuwanni tokumbo ne, wato an riga an ci moriyarsa a Turai ko Amurka, ofis ya yi shekara huɗu ko biyar da shi sannan ya sallama, aka loda a kwantena ya sauka Legas, ya bi ta Ikeja ko Alaba ya iso mana. A cikin kwantenar nan kuwa akwai na kirki akwai matacce, kuma mai saro kaya sau da yawa a dunƙule yake saye ba gwaji, abin da Allah ya ba ka shi ne naka. An taɓa yin bincike a tashoshin jirgin ruwan Legas a 2015 da 2016, Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya na cikin waɗanda suka yi shi, suka ce ana shigo da tsofaffin kayan lantarki kimanin tan 60,000 a shekara, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ba ya aiki tun daga can, mafi yawa daga ƙasashen Turai, kuma da yawa a cikin motocin tokumbo ake cusa su, a cika but da kujerun baya, a takarda kuma mota ce kawai ta shigo. To wannan kashi ɗaya cikin huɗun shara ce muka biya kuɗin jirgi da kuɗin kwastan muka kawo wa kanmu.

Yanzu bari in faɗa maka yadda abin yake tafiya a shago. In kwamfuta ta mutu ba ma jefar da ita kai tsaye, sai mun cire duk abin da zai yi amfani, ram, hadis (wato hard disk, ma'ajiyar bayanan kwamfuta), sikirin, kibod, fanka, hatta kusoshi muna tarawa a gwangwani. Abin da ya rage sai a jibge a lungu har ɗan bola jari ya zo da buhunsa a yi ciniki a kilo. Shi kuma ya kai wa dila, dila ya ware bod, wato allon cikin kwamfuta da ake dasa ƙananan kayan lantarki a kansa, don akwai ɗan zinare da azurfa a jikinsa, wannan yana da masu saye, ana tara shi a tura Legas daga can a fitar waje inda suke da injin narkawa. Alminiyan daban, ƙarfe daban. Matsalar tana wajen waya da roba da batir da gilashin tsohon monita. Wayar nan jan ƙarfen cikinta ake so, kuma hanya mafi sauƙi ta raba shi da robar ita ce wuta, sai a tara ta a bayan gari ko gefen kududdufi a sa tsohuwar taya ko soson firji a cinna, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, yaro ɗan shekara sha biyu sha uku yana tsaye a kai da sanda yana juyawa, ba takunkumi ba safar hannu, silifas ne a ƙafarsa, ya gama ya sayi rake ko awara ya ci da hannun nan. Hausawa suna cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu, to a harkar nan wani ne yake cin zomon, yaron nan kuma shi ake bar wa gudun, wataƙila ma bai taɓa kunna kwamfuta ba a rayuwarsa.

Kuma ba hayaƙin itace ba ne da za a ce tari kawai zai sa. Robar waya in ta ƙone tana fitar da guba mai zama a ƙasa da jikin dabba shekara da shekaru. Gilashin tsohon monita akwai dalma a ciki fiye da kilo guda, tsofaffin bod da dalma aka yi musu lici, tsofaffin sikirin masu fitila a baya akwai zaiba a cikin siririn kwan, kana fasa shi ta bi iska. Mu mutanen arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba, mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare a cikin gida. Can daga haƙar ma'adinai ta fito, amma gubar ɗaya ce, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ne a hankali, ba zazzaɓi ba ƙurji, sai dai a ga yaro ba ya gane karatu a ce daƙiƙi ne. Sannan ga batir ɗin inbata da na UPS da muke haɗawa da kwamfutocin saboda rashin wuta, yawancinsu dalma ce da asid, in ya mutu a fasa shi da guduma a tsiyaye ruwan a kwata, damina ta zo ta kai shi inda ake ban ruwan latas da kabeji.

Wanda yake son ganin inda abin yake kaiwa ya tambayi 'yan uwanmu na Gana labarin Agbogbloshie a birnin Accra, inda matasa, yawancinsu daga arewacin ƙasar suka gangaro ci-rani, suka yi shekaru suna ƙona waya a bakin kogin Odaw. A 2019 wasu ƙungiyoyi suka fitar da sakamakon gwajin ƙwan kajin da suke kiwo a wajen, suka tarar ƙwai ɗaya tak yana ɗauke da gubar da ta ninka abin da hukumar abinci ta Turai ta ce jiki zai iya ɗauka a rana sau 220. Ƙwai fa, abin da ake soya wa yaro don ya samu lafiya. A 2021 gwamnati ta sa katafila ta rushe wajen, to me ya faru? Mutanen ba su bar sana'ar ba, watsuwa suka yi cikin unguwanni da wasu garuruwa, ƙonawar ta ƙara matsowa kusa da gidajen mutane. Shi ya sa in na ji an ce a kori 'yan bola jari kawai, kaman yadda aka yi a Abuja farkon 2025 saboda satar murfin magudanan titi, sai in ce to an yi maganin sata wataƙila, amma wayar nan dai sai an ƙona ta a wani wajen.

Abin haushin, Najeriya ce ma ta kusa fi kowa sanin wannan dawa. A 1988 aka jibge dubban gangunan guba daga Italiya a garin Koko, jihar Delta ta yanzu, abin ya tayar da ƙura har aka tilasta aka kwashe, shekara ɗaya bayan haka aka yi yarjejeniyar Basel a kan safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe, a 1991 kuma ƙasashen Afirka suka yi tasu a Bamako. Muna da NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, tun 2007, muna da dokar kayan lantarki tun 2011, akwai ma tsarin da ya ce kamfanin da ya ƙera ko ya shigo da kaya shi zai ɗauki nauyin tattara su in sun mutu. Takarda kam mun cika ta. Amma kamfanonin da suke sarrafa sharar nan ta hanyar da ta dace ƙalilan ne kuma yawancinsu Legas suke, ni da nake Kano da matattun batir a lungun shago ba zan ɗauki hayar mota zuwa Legas in kai su ba alhali ga ɗan bola jari a ƙofa da kuɗi a hannu. Kuma ba mu kaɗai ba ne, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta fitar da sharar lantarki tan miliyan 62, wadda aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Dalilin da ya sa na ga bai kamata a ƙara jinkiri ba shi ne maganar Windows 10, manhajar da take tafiyar da kwamfutoci da yawa. Microsoft ta daina tallafa masa na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'ida ba ya hawa kan tsofaffin injina, in furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta kamfanin Intel ce sai daga zubi na takwas zuwa sama. Ma'ana miliyoyin kwamfutoci masu lafiya ƙalau ofisoshin Turai da Amurka za su sallama, ba don sun lalace ba sai don manhaja ta ce ta gaji da su, kuma ka san ina za su nufa. Ni a matsayina na ɗan kasuwa har da ɗan murna, kaya zai yi araha, ɗalibi zai samu EliteBook ko ThinkPad a kuɗin da bai kai na sabuwa ba ko kusa. Amma bayan shekara uku ko huɗu duk a bolarmu za su ƙare.

Duk da haka ni ban yarda da masu cewa a hana shigo da tokumbo ba, wallahi ban yarda ba. Na farko wa zai iya sayen sabuwa a yadda dala take? Na biyu ko ta fuskar muhallin ma, kamfanonin da kansu in ka duba lissafinsu za ka ga mafi yawan hayaƙin da laftof take jawowa, wajen kashi uku cikin huɗu, tun wajen ƙera ta ne, haƙo ma'adinai, kobalt ɗin batir da akasarinsa daga Kwango yake fitowa, masana'antu a Sin, jigila. Don haka duk laftof ɗin da mai gyara ya canza wa kibod ko ya sa mata sabon hadis ta ƙara shekara biyar, an rage buƙatar ƙera wata. Mu da ake rainawa a ce masu tone-tone, aikin da muke yi ya fi na wanda yake canza waya duk shekara amfani ga duniya. 

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. A hana mataccen kaya shigowa tun daga tasha, a gwada, wanda ba ya kawo wuta a mayar wa mai shi da kuɗinsa. A buɗe wajen karɓar mataccen kaya a manyan kasuwanni irin su Beirut da Farm Centre, kuma a riƙa biya, don in ba a biya ba wallahi ba wanda zai kai. Akwai ƙaramin injin feɗe waya da yake zare jan ƙarfe ba tare da wuta ba, jan ƙarfen ma ya fi tsada in bai ƙone ba, ƙungiyoyin 'yan gwangwan suna da shugabanni suna da tsari, a zauna da su a ba su ko da bashi ne. Su ma ma'aikatu da makarantu da suke da sito cike da matattun kwamfutoci su daina gwanjonsu ga duk wanda ya taya ba tare da sanin inda za a kai ba, ko don bayanan mutane da suke cikin hadis ɗin ma ai ya kamata a kula, mu mun san irin abubuwan da ake tsinta a ciki. Malaman Juma'a ma in sun taɓo maganar tsafta su haɗa da wannan, don iyayen yaran nan a masallaci za a same su.

Ku kuma 'yan jarida, dan Allah ranar da aka gayyace ku bikin rabon laftof ku je ku ɗauka, amma ku ware wakili ɗaya da mai hoto su bi buhun ɗan bola jari tun daga ƙofar shago har inda ake cinna wutar, su tambayi yaran shekarunsu da nawa ake ba su a kilo, sannan su nemi likitan yara ya faɗi abin da yake gani. In sun shigo kasuwa su tambayi kowane mai gyara zai nuna musu hanya.

Na gode. Wassalam.

Mai karatunku,
wani mai gyaran kwamfuta, Kano