Auta, Me Ya Sa Ƙarfen Ya Yi Shiru?

Kaltungo, Jihar Gombe

Auta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da takwarana. Mu nan sai godiya. Ƙafar mamanka ta yi sauƙi, har ta je zumuntar mata, ko da yake a kan mashin aka kai ta aka dawo da ita. An yi ruwa sau biyu amma bai ratsa ƙasa ba. Masu gaggawa sun yi shuka, ni dai ina nan ina kallon gabas.

Da hannuna nake rubuta maka, don maganar da ke bakina ta fi ƙarfin waya. A waya kai kullum "lafiya lau Baba", kafin in gyara zama ka ce kati zai ƙare.

Makon jiya wani dattijo daga wajenku ya zo jana'iza nan. Ban tambaye shi komai ba, shi ma bai zo kawo ƙararka ba, kada ka je ka ɗaure masa fuska. Muna cin tuwo ne ya ce, cikin hira, ai sun kwana biyu ba su ji ƙarfen asuba na kiran addu'a a majami'arka ba. Na ce ko an sace shi ne? Ya ce a'a, yana nan rataye a dogon yaron ƙofar majami'a, sai dai wata uku ke nan ba a taɓa shi in ba ran Lahadi ba. Wallahi... to, Allah Ya gafarta mini, ba a rantsuwa, amma lomar nan a maƙogwaro ta tsaya mini.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce da mutum huɗu kuke addu'ar safe, yanzu saura tsohuwa ɗaya, ita ma ba ta gani sosai. Za ka ce shekara uku cif, ran Lahadi ku goma sha ɗaya ne har da iyalinka. Samari biyun da ka yi wa baftisma, waɗanda ka ɗora wa rai, sun tafi Abuja aikin gini, ko gaisuwa ba sa aikowa. Ɗan abin da masu tallafa maka suka yi alkawari ya yi wata biyar bai zo ba, kana bin bashin sabulu a shago. Duk na sani. Mamanka tana da hanyoyinta na jin labari, ni kuma ina da kunne.

Ba yunwa nake ji maka tsoro ba, mun sha ta ba ta kashe mu ba. Zaman ƙauye tsakanin waɗanda ba addininku ɗaya ba ma bai hana ni barci ba, tun da na ga yadda mai unguwarku ya karɓe ni, har ya sa aka yanka mini kaza. Ko ka ce ka bar aikin ka koma koyarwa, zan yi baƙin ciki kwana biyu in haƙura. Abu ɗaya ne ke tashe ni tsakar dare, shi ne kada ka zama mai bisharar da ba ya jiran komai.

Ka san irinsu? Ba ka gane su da ido. Yana hawa bagadi a kan lokaci, rigarsa a goge, yana buɗe Littafi, yana addu'a da kalmomi masu daɗi har mata su ce amin da ƙarfi. Amma da Allah zai amsa addu'ar nan a take, shi zai fi kowa mamaki. Yana yi wa mara lafiya addu'a alhali a zuci ya riga ya fara shirya wa'azin jana'iza. Irin wannan ba ya sata, ba ya neman mata, ba a taɓa kiransa gaban dattawa. Haka zai yi shekara talatin, a yi masa bikin ritaya, a ba shi agogon bango da turmin atamfa na matarsa, ba wanda ya san tun tuni fitilar ba mai. Kuma da barin abu ƙarami ake farawa, kamar buga ƙarfe da asuba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na san irinsu ne domin na taɓa zama ɗaya daga cikinsu.

Kana da shekara huɗu a 1996, lokacin da sanƙarau ya ratsa Arewa. Abin da ya ɗauke mana ka sani, ba sai na rubuta sunanta ba, hannuna ba zai iya ba. Bayan mun dawo daga maƙabarta ban fasa wa'azi ko Lahadi ɗaya ba, mutane har suna yaba ƙarfin bangaskiyata. Amma ƙarfen asuba na daina bugawa. Na kwana uku a durƙushe ina roƙo a kanta, aka ce a'a, sai na ce a raina to shi ke nan, zan ci gaba da yi maSa aiki amma ba zan ƙara sa rai ba, don kada a sake kunyata ni.

Mamanka ce ta ɗauka. Duhu-duhu za ta tashi, ta ɗaura zani a kan rigar barci, ta kunna fitilar ƙwai, ta lalubo guntun rodin nan a bayan ƙofa. Ina kwance ina jin takunta har gindin bishiya. Ƙarfen tayar mota ne, tsohon rim da wani direba ya bar mana, muryarsa kamar ta mai mura. Ta buga sau bakwai, ta shiga ta zauna a bencin gaba ita kaɗai, ta yi waƙa ɗaya a hankali, ta jera sunayen mutanen garin gida-gida, har da waɗanda suka hana mu ɗiban ruwa a rijiyarsu. Wani lokaci kai ma kana goye, duk girmanka. Wata rana haushi ya kama ni, na tare ta a ƙofa na ce, wai wa kike kira ne, ba ki ga ba mai zuwa ba? Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Malam, ba mutane kaɗai ke jin ƙarfe ba. Ina shaida maSa ne muna nan, in Ya tashi zuwa kada Ya tarar da ƙofa a rufe." Ta wuce. Wata goma sha huɗu tana yi kafin in karɓi rodin daga hannunta. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ni ma yau ne farko.

Ka lura da kalmar nan da muke ta faɗa a coci, bege. Maƙwabtanmu Musulmi in sun ce bege, suna nufin kewar wanda zuciya ke ƙauna, har mutum ya rera masa waƙa yana hawaye. Ina ganin waɗanda suka sa mana ita a Littafi Mai Tsarki sun san abin da suke yi. Namu begen ma na Mutum ne, wanda Ya ce zai dawo. Mai bege yana share tsakar gida, yana leƙa hanya. Kada ka ce mini ai kana haƙuri. Jaki ma yana da haƙuri, amma ba ya tsammanin kowa. Bulus ya faɗa a Romawa 8 cewa abin da ido ya riga ya gani ba a kiransa bege. Kai kuwa so kake ka ƙirga kawuna tukuna, in lissafi ya yi daɗi sannan ka sa rai.

Wannan wayar ta hannunka ma tana da nata laifi. An ce in dare ya yi kana kan Facebook kana kallon manyan majami'un birni, fitilu kala-kala, dubban mutane, fasto yana ce musu wannan shekarar tasu ce, kafin wata ya ƙare mota za ta zo. Sai ka ɗaga kai ka ga bencinka shida da kwanon da ke yoyo. Ba zan zagi bawan kowa ba, Ubangijinsu ne zai auna su. Amma wanda ya sa wa Allah ranar biya kamar mai bin bashi, in ranar ta wuce me zai gaya wa mutane? Kuma har kana iya buɗe baki ka ce mini, "Baba, zamaninku daban." Daban da me? A zamaninmu zukatan mutane da man shanu aka yi su? Kai da ka yi makarantar tauhidi, ka fi ni takarda nesa ba kusa ba, shekara uku kacal har ka yanke wa gari guda hukunci cewa ƙasarsu dutse ce? Wa ya ba ka wannan kujerar?

Ka karanta tarihin nan don jarrabawa, bari in tuna maka shi don rayuwa. A Disamba 1893 samari uku suka sauka Legas daga Kanada da Amurka, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar shigowa ƙasar nan tamu da bishara. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida ba tare da ko mutum ɗaya ba. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a karo na uku aka samu aka kafa tasha a Patigi a 1902. Nan Kaltungo kuwa sai 1917 mishan suka iso, shekara 24 bayan saukar farko. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda kakanka ya koyi karatu da shi, sai 1932 ya fito. Da Bingham ya yi irin lissafinka a shekararsa ta uku, kabari biyu zai ƙirga. Ni yanzu da na tsufa, mahaifiyar Gowans na fi tunawa, don ita ce ta zuga Bingham tun farko, aka kuma kawo mata labarin ɗanta. Da can ina ba da labarin nan a wa'azi da murya mai ƙarfi. Tun da ka tafi na gane ba abin ɗaga murya ba ne.

Kai ɗan manomi ne, ka san binne. Ƙasa a bushe, sama fes, mutum ya ɗebi irin da zai iya dafawa ya ci, ya je ya tura shi cikin turɓaya. A farin 1984 mun ga gidajen da suka cinye irinsu, ban zarge su ba, yunwa ba ta da kunya. Mamanka ta zuba namu a tulu da toka ta liƙe bakin da laka, yayyenka suna kuka tana kuka, ba ta fasa ba. Wani binnen yakan ƙone, a sake. Yaƙub 5:7 da manomi ya yi misali, mai jiran ruwan fari da na ƙarshe, bai kuma ce manomin ya san ranar ba.

Na san akwai abin da kake riƙe da ni. Maganar kuɗin jarrabawarka da aka sa a kwanon majami'a, da shekarun da kuka yi da silifa ɗaya kai da yayanka. Kawunku ya faɗa mini a fuska cewa na yi wa Allah hidima da cikin 'ya'yana. Wataƙila da gaskiyarsa ta wani gefen. Amma ruwa yana zuba a kan mutane suna sujada, ni ne mai bishara, me zan yi? Kuma ba ga shi ka rubuta jarrabawar a shekara ta gaba ka ci ba? Ban ce na yi daidai duka ba. Abin da nake gudu shi ne ka ɗauki talaucina ka bar abin da ya sa muka iya ɗaukarsa, don shi kaɗai ba ya ɗaukuwa.

Na yi maka faɗa da yawa, ka yi haƙuri. Ka gaji ne, ɗana, na sani, gajiya kuwa ba zunubi ba ce. Iliya ma ya kwanta gindin itace ya ce ya isa, abin da aka fara ba shi abinci ne da barci, wa'azi daga baya. In kana so ka nemi hutu ka zo gida mako biyu, ɗakinka yana nan, mamanka ta fitar da buhunan gyaɗa daga ciki. Ka faɗa wa shugabanninka maganar kuɗin nan a fili, ba rashin bangaskiya ba ne mutum ya ce iyalinsa na jin yunwa, wannan kuskuren nawa kada ka maimaita. Maiɗakinka ta shiga wata na bakwai, ka kai ta awo Alkaleri ko da bashi ne. Ka riƙa zuwa gaisuwar mutuwa da suna a garin, ko na wane ne. Tsohuwar nan kuma da ba ta gani, ka je ka riƙo hannunta, ku biyu ma an yi alkawari a kanku, cewa inda biyu ko uku suka taru da sunanSa Yana tsakiyarsu.

Ran Asabar zan ba direban da ka sani saƙo daga tashar Gombe: rabin buhun masara, kuka da daddawa daga mamanka, da tiya biyu ta irin dawar nan ja. Irin na shuka ne, kada a kai shi niƙa. A cikin buhun za ka ga abu nannaɗe da tsumma, rodin nan ne. Ban gaya mata na ɗauka ba, in ta neme shi zan san abin da zan ce.

Ka shafa mini kan takwarana.

Babanka